A Kira Isyaku

Kafin Maharazu ya sayi mota, mutum ne da ake iya zama da shi. Maɗinki ne a nan Soron Ɗinki, kuma in dai aikin wuyan riga ne, ko maƙiyinsa ba ya kushe masa hannu. Cika bakinsa a lokacin bai wuce na zare da shadda ba, wanda ba ya hana kowa barci. Ranar da ya shigo unguwa da wata tsohuwar a-kori-kura fara mai giyar hannu, ranar muka yi sallama da zaman lafiya a majalisarmu ta ƙofar gidan Liman.

Ni Fa'izu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Saboda haka abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma kunnena ne ya sha wuyarsa.

Sati bai zagayo ba Maharazu ya zama injiniya, duk daga kallon waya. Da farko ya kwance salansa ya jingine ta a zaure, wai tana toshe wa injin numfashi. Daga nan ya sa sukundireba ya murɗa wani abu a famfon mai, wai ya ƙara mata ci. Ci kam ta ƙara. In ya tayar da ita da safe, tagogin lungun har rawa suke, baƙin hayaƙi kuwa sai da ya sa mata suka daina shanya farin kaya. Ya kai ta wajen mai fenti aka rubuta mata a baya: SAI KALLO.

Abokin karawarsa a majalisa shi ne Usaini, wanda shi ma a-kori-kura gare shi ta dakon buhunan hatsi, sai dai tasa otomatik ce.

"Usaini, wannan taka ai ba mota ba ce, kujera ce aka sa wa taya," in ji Maharazu. "Kai ka zauna, ita ta yi maka tunani."

"Gara ta yi min, tunda ta fi wasu iyawa."

"Namiji da ƙafa biyu, ɗaya na aiki ɗaya na barci? Ni in na taka kuloci na zuba ta uku, har cikin ƙashina nake ji."

"Mu ma muna ji, wallahi. Jiya da ka tayar da ita Hajiyarmu sallame salla ta yi, ta ɗauka taransifoma ce ta fashe."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin alfaharin Maharazu shi ne wata 'yar ƙaramar giya da ke gefen babbar, wadda ake sa wa in ana so tayoyi huɗu su ja gaba ɗaya. A kanta an rubuta 2H, 4H, N da 4L. Wata la'asar ya tara mu a bakin motar ya buɗe ƙofa zai yi mana darasi.

"Wannan H da kuke gani, Hankali ke nan," ya ce. "Taya biyu a hankali, taya huɗu a hankali. N kuma Natsu. Amma wannan..." Ya sassauta murya, ya ɗora yatsa a kan 4L. "Wannan Lula ce."

Na ce, "Maharazu, su waɗanda suka ƙera motar Hausa suke ji?"

"Malam Fa'izu, kai da ke koyar da lissafi a firamare, me ya haɗa ka da inji? Motar da za a kawo Kano, ai sun san inda za ta. Ku duba fa, duk gudun nan da kuke gani ina shararawa, a Hankali nake yin sa. Ban taɓa sa Lula ba. Ranar da na sa ta, sai dai ku ji labari."

A gefe akwai Isyaku, bakanike ne da ke da gareji a Ƙofar Ruwa, ɗan unguwarmu, shekararsa talatin yana kwana yana tashi a ƙarƙashin motoci. Ba mai yawan magana ba ne. Ya gama tauna goronsa tukuna.

"Maharazu, L ɗin nan ta taɓo ce da yashi da hawan tudu. Ƙarfi take ba ka, ba gudu ba. Kuma kada ka kuskura ka hau kwalta da ita."

"Kun ji masu gareji ko? So suke kowa ya zauna cikin duhu, su kaɗai suka sani. To bari ka ji, Isyaku. Ni Maharazu, duk ranar da aka ji na kira sunanka a kan motar nan, a sake min suna."

"Allah ya kai mu," in ji Isyaku, ya ɓare wani goron.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, matar Maharazu, Halima Sadiya, ta haifi ɗa namiji. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ranar na ga Maharazu a zaure ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, kuma duk haushinsa da nake ji sai da na taya shi. Ya yi wa jaririn huɗuba a kunne, ya ƙi faɗa wa kowa sunan, har uwar ɗan. Wai da bakinsa zai ba Liman ranar suna, a gaban jama'a.

Daga baya muka san dalili. Surukinsa, Baffa Gidaɗo, dattijon Bafulatani ne mai shanu a wata ruga can bayan Kumbotso, sunansa na yanka Usmanu. Mazan sauran 'ya'yansa duk "ɗana" yake ce musu. Maharazu kuwa, shekara goma sha ɗaya, bai wuce "mai allurar nan" ba, da ya sayi mota kuma ya koma "mai ƙarar nan". Abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. To sunan Baffa ya sa wa yaron, kuma burinsa duka a duniya shi ne a raɗa sunan Baffa na zaune yana ji.

Baffa ya yi alkawarin ragon suna daga cikin garkensa. Kowa ya ce wa Maharazu ya je ya ɗauko shi da ragon tun ana gobe suna. Usaini ma ya ce zai je da tasa.

"Surukina a otomatik? Allah ya kiyaye! Ana idar da sallar asuba zan fita, ƙarfe bakwai ku ji ni a Ƙofar Ɗan Agundi, Baffa a gaba, rago a baya."

"Jin ka kam za mu ji," in ji Usaini.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Baffa na ji shi, shi kuwa ba ya ƙara wa zance gishiri.

Tafiya ta yi kyau. Maharazu ya isa ruga gari na wayewa, ya cire takalmi ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar lafiyar shanu. Aka ɗaure rago a bodi, fari tas, ƙosasshe. Baffa ya shiga gaba da malafarsa da sandarsa da butarsa. Sai dai an kwana ana ruwa, kuma akwai wani kwari tsakanin ruga da titi wanda da zuwa Maharazu ya bi ta gefensa. Da dawowa, don Baffa ya ga aiki, ya nufi tsakiyarsa.

Motar ta nutse har cibiya. Ya taka totur, tayoyin baya suka yi ta wulwulawa a wuri ɗaya suna feshi. Kafin ya ɗaga ƙafa, farin rago ya koma launin tukunya.

Maharazu ya dubi agogo, ya dubi 'yar ƙaramar giyar, ya yi bisimilla.

"Baffa, a riƙe malafa da kyau. Yau za mu lula."

Ya taka kuloci ya danna ta cikin 4L. Motar ta yi wani gurnani, ta dafe ƙasa da tayoyi huɗu, ta fito daga taɓon nan tsaf ba ko tangaɗi. Maharazu ya daki sitiyari don murna.

"An gani ko, Baffa? Wannan fa somin-taɓi ne. Bari mu hau kwalta."

Suka hau kwalta. Ya sa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk kafin su wuce inuwar wani mangwaro da ke bakin titi. Giya ta ƙare. Injin na ihu kamar ana yanka shi, hayaƙi ya turnuƙe bayansu, motar kuwa tana tafiya irin ta mai ɗauke da tulu a ka. Wani mai a-daidaita-sahu da ya cika da buhunan albasa ya wuce su. Wani mai babur da ya goyo mata biyu da kwando ya wuce su. Can sai ga wani dattijo a kan keke da damin rake, ya jera da su, ya leƙo ta taga ya yi wa Baffa barka da asuba, ya tambayi iyali, sannan ya ƙara wuta ya bar su.

Baffa, wanda har yanzu hannunsa biyu ke kan malafa, ya ce, "An fara lulawar ne, ko in ci gaba da riƙewa?"

"Numfashi take ɗauka, Baffa. Yanzu za ta saki jiki."

Suka ƙara tafiya mai ɗan dama. Ba ta saki komai ba sai tururi daga gaba, lagireto ya tafasa. Suka tsaya, aka juye mata ruwan butar Baffa, aka jira ta huce.

"Da safe da wacce ka zo?" in ji Baffa.

"Da Hankali, Baffa."

"To ko za mu koma wa hankalin?"

Maharazu ya kai hannu a ɓoye ya ja 'yar giyar. Ko motsi. Tafiyar kwalta ta riga ta ɗaure ta tamau, abin da Isyaku ya faɗa ke nan. Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya fizga da ƙarfin tsiya. Ƙululun kan giyar ya ciro a hannunsa. Ya dube shi, Baffa ya dube shi, rago ya yi kuka daga baya. Maharazu ya sa shi a aljihu ya tayar da mota.

Mu kuma a gida tun kafin bakwai an shimfiɗa tabarmi, lungu ya cika maƙil. Goro da dabino na cikin faranti, maroƙi ya zo da babbar rigarsa, ƙamshin waina na fitowa daga cikin gida. Bakwai ta wuce. Takwas ta gota. 'Yan kasuwa suka fara duba waya, rana ta fara cin waɗanda ke bakin tabarma. Liman yana da ɗaurin aure ƙarfe tara a wata unguwa, ya ce in kira uban ɗa mu ji inda yake.

Na kira. Abin da ya fara dukan kunnena ƙarar injin ce, sai da na janye wayar.

"Maharazu! Kana ina?"

"Giya ce! Giya ce ta riƙe ni!"

Na juyo na ce, "Allah gafarta Malam, ya ce wai giya ce ta riƙe shi."

Carbin Liman ya tsaya cak. "Inna lillahi! Da sanyin safiyar nan? Ranar sunan ɗansa? Kuma da surukinsa a gefe?"

Sai da Usaini ya share hawayen dariya sannan ya iya yi wa Liman bayanin cewa ta mota ake nufi. Liman ya yi istigfari, ya ce to tunda haka ne, yanka ana iya yi in rago ya iso, amma jama'a ba za su wuni a nan ba. A tambaye shi sunan kawai a yi addu'a.

Na sake kira. Ashe a daidai lokacin sun iso Ƙofar Ɗan Agundi, sun tare hanya, motoci sun yi layi a bayansu kowa na danna ham, masu babur na yi masa kirarin da ba zan maimaita ba. Ga tururi ya sake tashi. A nan ne girman kan Maharazu ya ƙare.

Na ɗaga murya iya ƙarfina. "Liman ya ce, me za a kira yaron?"

"A kira Isyaku!"

"Me ka ce?"

"Na ce a kira Isyaku! Isyaku!"

Ni ma abin ya ɗan ɗaure min kai, shi ya sa na ƙara tambaya, kuma ina so a shaide ni a kan wannan. "Wane Isyakun?"

"Bakanike mana! Yau ba ni da kowa sai shi! Ku yi sauri, don Allah!"

Muryar wayar a buɗe take, duk na kusa sun ji. Wani tsoho ya ce, "Allahu akbar, ka ga zumunci. Kullum suna faɗa, ashe abin na ciki daban." Isyaku na zaune a ƙarshen tabarma, goro ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga. Shekara talatin yana gyaran motocin mutane, ba wanda ya taɓa yi masa takwara.

Liman ya ɗaga hannu aka yi salati, aka yi addu'a, aka shafa fatiha. Maroƙi ya miƙe ya cika lungu da murya: "Sunan yaro Isyaku! Allah ya raya Isyaku!" Daga cikin gida guɗa ta tashi.

Guɗar ba ta gama sauka ba muka jiyo wani kuka daga nesa yana matsowa. Isyaku ya ɗaga kai ya kasa kunne.

"Wannan 4L ce a kan kwalta," ya ce a hankali.

Mun fi minti goma muna jin ta kafin mu gan ta. Ta shigo bakin lungu cikin hayaƙi, taɓo har rufi. Saura kwana ɗaya ta iso ƙofar gida, Maharazu ya murɗa sitiyari, motar ta ƙi lanƙwasa. Ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu, tayoyi na ƙugi, sannan ta zura ƙafar gaba cikin kwata ta mutu. Rago ya tsinke igiya ya diro, ya ratsa ta kan tabarmi, ya kifar da farantin dabino, ya shige gidan suna da kansa. Shi ne ya fara isowa cikin su ukun.

Baffa ya buɗe ƙofa ya sauko da sandarsa da busasshiyar butarsa, ya ƙarasa sauran tafiyar a ƙafa, ya yi sallama kamar ba abin da ya faru.

Majiya ƙarfi suka ciccibo motar daga kwata. Isyaku ya shiga, ya ɗan ja ta da baya kamar taku biyar, ya sa tafin hannu ya bugi guntun giyar sau ɗaya. Ta koma 2H ba gardama. Ya fito ya miƙa wa Maharazu mukulli, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na gode, Maharazu. Ban taɓa zato ba. Allah ya bar zumunci."

"Ni ne da godiya ai," in ji Maharazu yana share gumi, ido a ƙasa. Ya juya wajen Liman. "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri, ga mu mun iso. Sai a raɗa suna."

"Ai an raɗa. Allah ya raya Isyaku."

"Amin, Allah ya raya shi, ya yi min rana. Ina nufin sunan yaron."

"Shi fa. Isyaku."

Maharazu ya dubi Liman, ya dubi Isyaku, sannan ya dube ni. Ni kuwa na shiga tsince dabino daga kan tabarma.

"Cewa na yi a kira min shi! A kira shi ya zo ya cire ni daga masifa!"

"Kai ka ce ranar da ka kira shi a sake maka suna," in ji Usaini. "To an duba naka ya tsufa, sai aka sake na ɗanka."

Lungu ya kwashe da dariya, har maroƙi sai da ya dafa bango. Amma Maharazu bai yi dariya ba. Idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ta karye.

"Usmanu ne sunansa. Da sunan Baffa na yi masa huɗuba. Shekara goma sha ɗaya nake riƙe da sunan nan a raina."

Dariyar ta ɗauke. Na ji kunya ta rufe ni, na ji tausayinsa har cikin raina. Isyaku ya saki hannunsa ya ja da baya, fuskarsa ta faɗi. Liman ya yi gyaran murya ya ce abin ai ba mai wuya ba ne, tunda ba a yi yanka ba sai a sake fatiha. Kowa ya juya ya dubi Baffa.

Baffa ya daɗe yana duban Maharazu. Ya dubi Isyaku da ke tsaye da jajayen idanu. Sannan ya juya ya ƙare wa motar kallo, tun daga tururin gaba har zuwa SAI KALLO.

"A bar masa Isyaku," ya ce. "An yi fatiha, jama'a sun shaida, mutumin kirki ya yi murna. Kuma yaron da ubansa ke da wannan motar, ya fi bukatar bakanike a kan kaka."

Aka sake fashewa. Baffa bai bi su ba. Ya matso ya dafa kafaɗar Maharazu, ya yi ƙasa da murya, amma ni ina kusa na ji.

"Na ji abin da ka yi niyya, ɗana. Ya isar min. Je ka kamo ragon."

Maharazu ya durƙusa, ya tashi, ya shige gida da gudu yana goge fuska da hula.

Washegari Isyaku ya zo da turmin atamfa na mai jego da sifana a aljihu, ya ɗauki salansa daga zaure ya mayar da ita mazauninta ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Mata suka koma shanya farin kaya. Maharazu kuwa kwana uku kacal ya yi shiru. Ran na huɗu ya zo majalisa yana cewa ai duk Kano ba motar da za ta fita daga kwarin nan in ba tasa ba, a tambayi Baffa, otomatik kam sai dai a haƙo ta da rani.

Yaron yanzu wata tara gare shi. Da yake ɗan fari ne, uwarsa ba ta faɗin sunansa, sai unguwa ta nema masa na kira. In ya taso da rarrafe daga zaure yana gurnani, hannu biyu da gwiwa biyu duk suna ja, mu a majalisa sai mu janye ƙafafu mu ba shi hanya.

"Ku matsa," in ji Usaini, "ga Lula nan."